Sunan Ɗan Fari

A zamanin da ba a ganin likita sai na'ura ta yarda, Inna Tabawa ta iso ƙofar asibiti da hantsi, ɗanta na fari na kwance a mota, numfashi sama-sama. Doka kuwa ta ce uwa ce ke roƙa wa marar aure gado, sau ɗaya tak a rana.

Malama Saratu, mai gyara wa mutane kalaman roƙo a bakin taga, ta ce, "Inna, ban da gaisuwa, ban da kewaye-kewaye. Sunansa, ciwonsa, abin da kike so."

"Ai na ce Wancan."

"Wancan wa? Na'ura ba ta san kunya ba. Ki faɗa, ko ki dawo gobe."

Gobe! Tabawa ta waiwayi motar. Shekara talatin bakinta bai taɓa furta sunan nan ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce wa na'urar, "Hashimu. Ƙirjinsa ya toshe. A ba shi gado."

Na'urar ta ce cikin ladabi, "Shekara ashirin ina sauraron gidanku, ban taɓa jin kin kira sunan nan ba. A kawo mahaifiyarsa."