Kifin da Ke Cikin Fizar Gwaggo

Tun da Gwaggo ta sayi murhun gashi, gidanta ya zama matattarar dangi duk ranar Asabar. Tela ce, amma a ranar takan rufe keken ɗinki, ta shimfiɗa leda a kan teburin yanka yadi, a taru a yi fiza, wato gasasshen kwaɓin fulawa mai tumatir da cuku a sama. 'Ya'yanta ke yanka albasa da tattasai, maƙwabciyarta mai kitso ta goga cuku. Akwai kuma wata ƙawarta da ba ta iya komai ba sai ɗanɗano, har aka naɗa ta shugabar masu ci.

Wata Asabar ƙanin Gwaggo ya zo da matarsa da 'yarsu, yarinya 'yar shekara shida da ake kira Tsuntsuwa saboda bakinta ba ya hutawa. Aka ba ta kwalba da ɗan curin kwaɓi, tana murzawa tana ba kowa labarin makaranta, fulawa har a gira.

Uwar yarinyar ta leƙa tukunyar tumatirin da za a shafa a kan kwaɓin, ta ce, "Yaya, babu kifi a ciki ko? Kin san jikinta ba ya karɓarsa."

"Babu," in ji Gwaggo, ko juyowa ba ta yi ba.

Alhali tun da safe ta buɗe kifin gwangwani ta murmushe shi cikin tumatirin har ya narke. Shi ne sirrin daɗin fizarta, ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Kuma dama maganar nan ta daɗe tana ba ta haushi. Ita da ta raini yara biyar, duk abin da ta ɗora a wuta suka ci suka girma, yau a ce wai kifi ke kwantar da mutum? A ganinta sangarta ce kawai irin ta iyayen zamani. A ranta ta ce bari yarinyar ta ci ta tashi garau, gobe ta kira matar ƙanin nata ta yi mata dariya.

Fiza ta fito tana turiri, cuku na ja kamar zare. Tsuntsuwa ta ce wadda ta murza da hannunta za ta ci, mai kama da takalmi. Aka yi dariya aka miƙa mata.

Ba ta gama yankan farko ba ta ajiye. "Mama, harshena yana ƙaiƙayi."

Mai kitso ta ce yaji ne, a ba ta ruwa. Sai yarinyar ta fara sosa wuya. Kafin a ankara leɓɓanta sun kumbura, fuskarta ta yi rudu-rudu.

Uwar ta dubi Gwaggo. "Yaya, don Allah me aka sa a ciki?"

Idanun kowa suka koma kan Gwaggo. Kunya ta hana ta faɗin gaskiya, ta ce, "Tumatir ne da albasa, sai kayan ƙamshi."

Da jin haka uwar ta shiga duba bayan yarinyar da ƙafafunta, ko wani ƙwaro ne ya cije ta. Aka ɗage kujeru, aka kakkaɓe darduma, ana ta ɓata lokaci. Sai da numfashin Tsuntsuwa ya koma fita da ƙyar, yana wani irin ƙara mai kama da fito, sannan ubanta ya sunkuce ta ya yi mota da gudu.

A kujerar baya Gwaggo ce ke riƙe da ƙafafun yarinyar. Sun yi sanyi. Bakin nan da ba ya shiru ya buɗe, ba magana, iska kawai yake nema.

A asibiti likita ya tambaya, "Akwai abin da kuka san ba ta ci?"

"Kifi," in ji uwar cikin kuka. "Amma yau ba ta ci ba, na tambaya."

"Ta ci," in ji Gwaggo. "Ni na sa."

Aka shige da yarinyar, aka rufe ƙofa.

Allah ya yi da sauran kwananta. Ta yi kwanaki ana ƙara mata iska kafin ta iya haɗiye ko ruwa. Likita ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan, da wani labarin ake yi.

Ƙanin Gwaggo bai ɗaga mata murya ba. A bakin ɗakin da aka kwantar da yarinyar ya tsaya, idanunsa jajur, ya ce, "Yaya, da kin ce akwai, biredi za mu ba ta. Wa zai ji haushi?"

Matarsa ta ce ta yafe, kuma ba ta sake tayar da zancen ba. Amma yanzu in sun zo gaisuwa da abincin yarinyar suke zuwa a kula, ba sa daɗewa. Ran nan Gwaggo ta miƙa wa Tsuntsuwa biskit. Yarinyar ta kai hannuwanta baya, ta matsa jikin uwarta, ta ce a hankali, "Na ƙoshi, Gwaggo."

Jama'a, akwai mutanen da wani abinci guba ne a jikinsu, ko da ɗan kaɗan ne, ko da ya narke ba a ganinsa. In aka ce yaro ba ya cin abu, mu yarda, kada mu gwada shi. In kuma aka tambaye mu abin da ke cikin tukunya, mu faɗi gaskiya tun farko, domin rai ake tambaya a kai.