Salansa Don Karen Marigayiya

"Ba don kunnena ba ne," na ce wa Rewi, mai gyaran bindiga a garin Taihape. "Don karen matata marigayiya ne. Bara ya ji harbi ya ɓace mini a daji. Shi kaɗai ta bar mini da ba ya musu."

Ya jera salansa uku masu rage ƙarar bindiga, na zaɓi mai kaurin. Muka zaga bayan shago tare da karen don gwaji.

Na harba. Kare ko kunne bai kaɗa ba.

"Madalla!" na ce. "Ni kaina da ƙyar na ji."

Rewi ya sauke hannuwa daga kunnuwansa, ya zaro salansar daga aljihu.

"Tsoho, ban ɗaura ba tukuna!" ya kwarma ihu. "Kai da karen duk kun kurmance!"

Na saya duk da haka, saboda kunnen Rewi.