Makarar Barau

Tun da sojoji suka ɗaure ƙaton balan-balan mai ido a saman Kwanar Gawo aka hana saɓa komai a kafaɗa, don daga sama garma da bindiga duk ɗaya ne. Barau ya manta, ya saɓa garmarsa zai tafi gona, aka harbe shi.

Ƙanensa Cindo ya je ya durƙusa gaban mai gari.

"Ranka ya daɗe, har da makara?"

Mai gari ya saci kallon sama, ya yi ƙasa da murya. "Har da ita, Cindo. Ku ja ta a ƙasa."

Haka Cindo ya ɗaura igiya ya ja yayansa cikin ƙura har maƙabarta, mutumin da ya sha ɗora shi a wuya yana ƙarami.