Ƙwarangwal a Zauren Ibada

Furen badon da wata matashiya ta riƙo ya suɓuce daga hannunta. Hutawa kawai ta tsaya yi a tsohon gidan ibadar Buddha da ke tsakiyar daji, sai ga ƙwarangwal rataye cikin gilashi, don masu ibada su riƙa tuna mutuwa. Hoton da ke gefensa na mahaifiyarta ne.

"Iya, wace ce wannan?" ta tambayi wata tsohuwa mai fararen kaya da ke shara.

"Mai dafa mana shinkafa ce. Ita ta yi wasiyyar a rataye ƙasusuwanta nan."

"Amma Baba cewa ya yi ta bi wani direba zuwa birnin Bankok!"

Tsohuwar ta jingine tsintsiya, ta ƙura mata ido.

"Ashe ke ce 'yar dattijon nan. Ko jiya shi ya goge gilashin."