Kifayen Oga

Da kifi na uku ya mutu a akwatin gilashin da ke ofishin Oga, kowa ya juya ya kalli Inna mai shara. Ita ke wanke akwatin, don haka takardar korarta ta riga likitan kifi isowa kan tebur.

Likita ya shinshina ruwan, ya tona tsakuwar da ke ƙasa da yatsa, ruɓaɓɓen abinci ya taso kamar hayaƙi.

"Ranka ya daɗe, ƙoshi ke kashe su. A sauya rabin ruwan, a hana su ci kwana uku. Wa ke ba su abinci?"

"Kowa da kowa," in ji Oga cikin alfahari. Gaskiya ya faɗa. Duk mai neman ƙarin girma sai ya barbaɗa musu abinci kafin ya gaishe shi.

"Ke fa, Inna?" in ji likita.

"Wallahi ko ƙwaya ban taɓa jefa musu ba," ta ce, hankalinta ya fara kwanciya.

Oga ya jawo takardar, ya cire murfin biro.

"Shekara tara, Inna, ko sau ɗaya ba ki tausaya musu ba?"