Baƙon da Bai Rufe Kofinsa Ba

Bohdana ta sake dire wa baƙon giya. Tun magariba ƙaton nan ke zaune a mashayarsu ta birnin Brno, yana sha yana zare mata ido. Tunda bai rufe kofinsa da ɗan faifan kwali ba, wanda a al'adarsu shi ne alamar mutum ya ƙoshi, dole ta ci gaba da kawowa.

Ta raɗa wa mai mashayar, "Baba Vojta, kallon mutumin nan ba na alheri ba ne."

Vojta ya naɗe hannun riga ya tunkare shi. "Malam, lafiya?"

Baƙon ya cafke hannunsa. "Don Allah cece ni daga matar nan! Tun kofi na biyu nake son tafiya, tsoronta ya hana ni!"