Gurbin Mutum Ɗaya

Tambaya ta arba'in da ɗaya ta sake fitowa a fuskar wayar, Mu'azu ya sa babban yatsa ya tsallake ta.

Saura kwana uku ya koma makarantar koyon tuƙin jirgi ya yi jarrabawarsa ta ƙarshe. Malamin da zai gwada shi zai fara titsiye shi da tambayoyi a ƙasa, sai ya gamsu sannan su hau helikwafta tare. Wanda ya yi inda-inda a ƙasa ko ƙofar jirgin ba zai taɓa ba. Shi ya sa Mu'azu ya zo gida Birnin Gwari da manhajar bita a wayarsa, yana ta haddace lissafin mai da iska da nauyin kaya. Manhajar kuwa ba ta da kara ko kaɗan, tambayar da ka guje wa ita take dawo maka da ita.

Duk unguwar an san labarinsa, har an fi shi iya ba da shi. Shekara bakwai da suka wuce, lokacin girbin masara, 'yan bindiga suka faɗa wa manoma a Kakangi. Aka harbi amininsa Andrawus a cinya. Mu'azu ya goyo shi tun daga gona har filin makaranta, inda wani helikwaftan agaji ya sauka, ya sauke shi, shi ma ya yanke jiki ya faɗi, rigarsa sharkaf da jini. Gurbin mutum ɗaya ya rage a jirgin. Aka ɗauki Mu'azu. Andrawus aka ɗora shi a babur, bai kai asibiti da rai ba.

Wata huɗu Mu'azu ya yi a Kaduna gidan kawunsa, ana cewa yana jinya. Ya dawo ba ya son magana, ya daina zuwa wanka a rafi, ko zafin bazara ba ya raba shi da riga. Da ya ce tuƙin helikwafta zai koya, mutane suka ce ai dole, abin da ya ceci ransa ke nan. Likitan makarantar tuƙin ya duba shi cikin minti goma ya ce lafiyarsa ƙalau, mahaifiyarsa ta ce addu'a ce.

Malama Susan, yayar Andrawus, ita ta gano yana yi wa manhajar wayo. Kullum ta tashi daga makarantar firamaren da take koyarwa sai ta biyo ta gidansu, ta zauna gindin mangwaro, ta karɓe wayar, ta riƙa karanto masa tambayoyin da muryar da take tsorata 'yan aji huɗu. Tun rasuwar ƙaninta ta mai da shi ƙani. In za ta dafa shi, sai ta kauce wa gefensa na dama, inda aka ce harsashin ya shiga. Duk ranar da ta yi haka, Mu'azu ba ya iya cin abinci.

Yau ma ta karɓe wayar. Ya amsa tambayar wutsiyar jirgi, ya amsa ta mutuwar inji a sama, bai ko numfasa ba. Sai ta gyara tabarau ta karanto ta arba'in da ɗaya. Ka sauka ɗaukar masu rauni, mutum biyu ne a ƙasa, nauyin jirginka mutum ɗaya kawai zai ƙara ɗauka. Me za ka yi?

Ya san amsar kamar sunansa. Ba a ƙara wa jirgi nauyi saboda tausayi. Ma'aikacin jinya ya duba wanda ya fi jin jiki, a ɗauke shi, a tashi. Ya buɗe baki, maganar ta maƙale. Sai ya ji ƙarar farfelar ranar nan a kunnensa.

"Ranar Alhamis ma haka za ka yi wa malamin shiru?" in ji Susan. Ta ajiye wayar a cinya, ta sassauta murya. "Mu'azu, na san abin da ke cin ka. Ba kai ka zaɓa ba. Sun ga wanda ya fi zubar da jini sun ɗauka, kai kuma ba ka ma san inda kake ba. Ni ban taɓa riƙe ka a raina ba, ko sau ɗaya."

Ta miƙo hannu za ta dafa shi, ta tuna, ta sauya zuwa kafaɗar hagu.

Ya dubi hannun nan. Ya ga cewa zai iya cin jarrabawar, ya sa farar riga mai igiya a kafaɗa, ta tsaya a taro tana cewa ƙaninta ne, haka har ƙarshen ransa. Abin ya fi ƙarfinsa.

Ya miƙe tsaye, ya kama bakin rigarsa ya ɗaga har hammata, ya juya mata gefen dama, ya juya mata na hagu. Fatar sumul take, ko ƙwarzanen ƙaya babu.

"Anti, jinin duk na Andrawus ne," ya ce. "Kuma ina jin su lokacin da suke zaɓa, na ƙi buɗe ido."